Filin Tambaya da Amsa: Abin da ke kashe rufin ɗaki a Tahoua

Tun da bazara ta kama, wasiƙun da ke iso wa wannan fili suka koma kan magana ɗaya, wato rufi, kuma galibinsu daga Tahoua da garuruwan Adar suka fito. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara, hadarin farko da ya taso a watan Yuni ya yaye rufin ɗakunana biyu ya jefa a gidan maƙwabci, alhali na jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kansa. Ginin bai kai shekara huɗu ba. Laifin kwanon ne, ko na magini, ko kuwa ƙaddara ce kawai?
Daga wani malamin makaranta, unguwar Wadata.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, mun kuma gode masa da abin bai sauka a kan kowa ba, domin kwanon da iska ta ɗauko wuƙa ne. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai kafin mu rataya mata komai, ina so ka tuna yadda ka tarar da rufin a gidan maƙwabcinka. Idan kwanon ya tafi tare da katakansa a haɗe kamar marfin tukunya, to laifin yana wurin da katako ya haɗu da bango. Idan kuwa katakan suna nan daram a kan ginin, kwanon ne kaɗai ya fice ya bar ƙusoshi a tsaye, to ko dai ba shi da kauri, ko ƙusoshin sun yi kaɗan, ko kawunansu ƙanana ne. A mafi yawan gidajen da na shiga bayan hadari, na farkon nake tararwa: an ɗora katako a kan bulo, an liƙe shi da ɗan kwaɓin siminti, an ce an gama.

Abin da ya sa wannan ba ya riƙewa shi ne, iska ɗaga rufi take yi, ba tura shi ba kamar yadda ake zato. Idan ta bugi bango ta haura ta bi ta saman ɗaki, tana zuƙar kwanon sama, kuma zuƙar ta fi tsanani a gefuna da kusurwoyi. Idan a lokacin akwai ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da iskar ke fitowa, sai ta cika ɗakin ta riƙa tunkuɗar rufin daga ƙasa, ya zama ana ja daga sama ana turi daga ciki. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, jar ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma mintocin farko kafin ɗigon ruwa ya sauka su ne suka fi yin ɓarna. Saboda haka abu na farko, wanda ba ya cin ko dala, shi ne a rufe ƙofofi da tagogin gabas da zarar an ga gari ya yi ja.

Gyara na gaskiya kuwa a jikin bango yake. A ginin bulo, ya kamata a zuba ɗamarar kankare da rodi a saman bango, wadda magina ke kira shenaj, a bar ƙananan rodi masu kaurin milimita 6 a tsaye a cikinta, a naɗe kowane katako ko ƙarfen rufi da su. A ginin ƙasa, inda babu shenaj, ana zura waya mai kauri ta ratsa bangon a ƙarƙashin layi uku ko huɗu na tubali, a ɗauro katakon da ita, ta yadda iskar da za ta ɗaga rufin sai ta ɗaga nauyin bangon tare da shi. Ƙusa kuma a nemi mai murɗaɗɗen jiki da faffaɗan kai da roba a ƙarƙashinsa, a buga ta a kan tudun kwano, kada a buga a cikin kwarin da ruwa ke bi, kuma a layin baki da na gefe a buga a kowane tudu, ko da a tsakiya za a riƙa tsallake ɗaya ko biyu. Kada a bar leɓen kwano ya zarce bango da yawa ta gabas, domin nan ne iska ke fara sa hannu.

Game da duwatsu, na san Allah ya hore wa Adar dutse, kuma da wuya ka leƙa unguwa ba ka ga rufi da su a jere ba, amma ni ban yarda da su ba. Suna karce farin shafen da ke kare kwano daga tsatsa, suna lotsa shi, ƙura da ganye su taru a gindinsu su riƙe laima, sannan ranar da iska ta fi ƙarfinsu, da su da kwanon ake saukowa tare a kan mutane. Tayoyi kuma sai su tara ruwa su ƙara maka da sauro. Wanda ba shi da halin sake ɗauri a bana, gara ya ɗaure bakin rufinsa da waya zuwa bango da ya ƙara dutse.

TAMBAYA: Allah ya ƙara basira. Ɗakin soro nake ciki, wanda mahaifin ƴaƴana, Allah ya jiƙansa, ya gina fiye da shekara talatin. Kowace shekara kafin damina nakan sa a ƙara laka a sama, amma bana na ga azara biyu sun yi ciki, ƙasa tana zubowa kan gado ko babu ruwa. Yarana sun ce a rushe a sa kwano, ni kuwa ba na iya zafin kwano. Me kuke gani?
Daga wata dattijuwa, Bilbis.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida ya sa ya huta. Kafin komai, ina roƙonki ki kwashe shimfiɗarki daga ɗakin nan tun yau, har sai magini ya duba shi. Azarar da ta yi ciki, da ƙasar da ke zubowa babu ruwa babu iska, gargaɗi ne, kuma rufin ƙasa da ya sha ruwan kwana biyu ko uku a jere ba ya sallama kafin ya sauko.

Abin da zan faɗa zai yi miki nauyi, amma lakar da ake ƙarawa kowace shekara tana cikin abin da ya jawo wannan. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, idan aka shimfiɗa masa laka mai kaurin santimita 5, wato faɗin yatsu uku, an ɗora masa nauyin da ya haura tan ɗaya, kwatankwacin buhun siminti 25. Ruwa yana wanke wani abu daga ciki, amma ba ya wanke duka, don haka rufin da aka fara da kaurin taƙi ɗaya yana iya kaiwa taƙi biyu ko fiye bayan shekaru talatin, azarar kuwa ita ce dai ta ranar farko, sai ma tsufa da ta ƙara. Ga shi kuma ƙasa idan ta jiƙe nauyinta ƙaruwa yake yi. Maginan zamanin da sun san haka, shi ya sa sukan ɓamɓare tsohon yaɓen da ya mutu kafin su sa sabo, abin da yaran yanzu masu aikin yini ɗaya ba su cika yi ba, domin zubawa ta fi kwashewa sauƙi.

Abu na biyu shi ne indararo. Ruwan shekara a Tahoua wajen milimita 350 zuwa 400 ne, ba shi da yawa, amma a dunƙule yake zuwa, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, saboda haka ruwan milimita 50, wanda yake iya sauka cikin dare ɗaya, lita 800 yake zubawa a kan ɗakin da muka kwatanta, wato duro huɗu cike. Idan indararo a buɗe yake, rufin kuma yana da gangare zuwa gare shi, ruwan wucewa zai yi abinsa. Idan ya toshe, rawanin da ya kewaye rufin sai ya zama bakin tafki. An taɓa kira na wani gida a cikin garin nan a kan yoyo, na hau soron na zura hannu a bakin indararon, abin da na zaro shi ne baƙar leda, da busasshen ganyen dogon yaro, da takalmin roba na yaro ƙafa ɗaya, duk sun cuɗe da ƙurar hunturu sun zama toshi kamar da gangan aka yi. A jikin rawanin kuma ga shatin inda ruwa ya kwanta, ya kai tsayin idon sawu. Masu gidan kuwa sun riga sun sayo laka amalanke biyu za su ƙara.

Indararon ya kamata ya zama dogo, ya zarce bango da kamu ɗaya aƙalla, a kuma jera dutse ko fasasshen bulo a inda ruwan ke faɗuwa, domin gajeren indararo bango yake ci ta sama da ta gindi, bangon da gindinsa ya zaizaye kuwa ba ya riƙe azara.

Na uku gara ce. Ki sa a ɗauki wuƙa ko doguwar ƙusa a soki kowace azara a daidai inda ta shiga bango, domin nan ne laima ke zama, nan ne kuma gara ke shiga ba a gani. Idan ƙusar ta nutse babu wahala, ko aka ƙwanƙwasa aka ji amo kamar na ganga, wannan azarar ta gama aiki. Azarar giginya ta ƙwarai, wadda itacenta ya tsufa, gara ba ta cika iya ta ba, amma yanzu ta yi wuya ta yi tsada, kuma da yawa daga itacen da ake kawowa kasuwa ɗanye ne, abincin gara. Mutane na shafa baƙin man mota a bakin itace kafin a binne shi a bango, yana kuma taimakawa, amma ba ya raya wanda aka riga aka cinye.

Ban goyi bayan a rushe ɗakin ba, matuƙar bangonsa lafiya yake. A yaye rufin, a sauke tsohuwar ƙasar, a canja azarar da ta mutu, a rage tazarar da ke tsakaninsu, a shimfiɗa zana ko kara, a sa leda mai kauri a bi da ita har cikin bakin indararo, sannan a zuba laka mai ramno wadda aka kwaɓa aka bari ta yi kwanaki, a daɓe ta da gangare. Leda tana da amfani, sai dai tana da sharri ɗaya: idan ta huje, ruwan da ya shiga ƙarƙashinta ba ya samun hanyar bushewa, itacen ya yi ta ruɓewa a ɓoye, don haka kada a yarda da mai faci ko wadda rana ta riga ta ci. Kakanninmu da makubar ɓawon ɗorawa suke yaɓe, da laso na katsin marina, kuma inda ake samunsu har yanzu ban ga abin da ya fi su dacewa da ƙasa ba. Abin da nake hana mutane shi ne shafe rufin ƙasa da siminti, domin ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti ba ya bin ta, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita.

Yaranki kuma ki ce su je Yama, nan cikin jihar Tahoua, su ga masallacin Juma'ar da magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986, kafin su yanke wa ginin mahaifinsu hukunci. Amma ke ma kada ki ɗauka ginin ƙasa ba ya faɗuwa. A daminar 2024, wadda ta rushe dubban gidaje a faɗin Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube a farkon watan Satumba bayan ruwa mai yawa.

TAMBAYA: Kwanona sabo ne, shekararsa biyu, iska ba ta taɓa shi ba, amma yana ɗiga a wurare da dama, musamman ta jikin bangon da ya kewaye shi. Silin duk ya yi taswira.
Daga wani mai shago, Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, sabon kwano ta wuri uku yake yoyo. Na farko bakin ƙusa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa ke haura digiri 40, kwano yana miƙewa da rana ya motse da dare. Falle mai mita 6 yana iya motsin milimita biyu zuwa uku a yini, na alminiyom kuwa kusan ninkin haka, kuma ƙarar ƙas-ƙas da kake ji da hantsi ta wannan motsin ce. A hankali ramin ƙusar ya faɗaɗa, robar ta bushe ta tsage, don haka sai an bi layin ƙusoshi kafin kowace damina an canja waɗanda suka saki. Na biyu haɗin falle da falle. Ya kamata su hau juna da tudu ɗaya da rabi ta gefe, da santimita 15 zuwa 20 ta tsawo, bakin haɗin kuma ya juya wa gabas baya. Kafintan da ke son ya rage falle ɗaya ko biyu a nan yake ragewa, kuma idan rufin ya cika kwanciya, iska na koro ruwa ya hau baya ya shige ta haɗin.

Na uku, wanda nake zaton shi ne naka, shi ne inda kwano ya shiga jikin rawani. An saba a cusa bakinsa a bango a liƙe da siminti, kwanon yana motsi simintin yana tsaye, sai tsaga ta buɗe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Abin da ke riƙewa shi ne a lanƙwasa wani siririn kwano, gefe ɗaya a saka shi cikin tsagin da aka yanka a bango, ɗaya gefen ya kwanta a kan rufin ya rufe haɗin, ruwa ya bi ta kansa. Facin kwalta da tsumma yana fid da mutum damina ɗaya, zafin bazara mai zuwa ya cinye shi. Idan za a nemo ramin, a leƙa tsakanin silin da kwano da safe a duba inda haske ke shigowa, a kuma tuna cewa ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, saboda haka taswirar silin ba lallai ba ne ta kasance ƙarƙashin ramin.

TAMBAYA: Shekarata goma sha biyu a Abijan. Na gina gida a Tahoua na zuba dal, wato rufin kankare, don in huta da gyara, gidan kuma a kulle yake, sai da salla nake zuwa. Bana ƙanena ya aiko mini hoto ta WhatsApp: rufin falo ya yi jan tabo, wani wuri ya ɓamɓare har ƙarfe ya fito. Ashe dal ma yana lalacewa?
Daga wani ɗan Adar mazaunin Abijan.

AMSA: Ɗan'uwa, yana lalacewa, kuma gidan da ke kulle ya fi wanda ake ciki saurin lalacewa, domin babu idon da zai ga tabon farko. Jan tabon nan tsatsar rodi ce. Kankare ba ya hana ruwa gaba ɗaya. Idan ruwa ya kwanta a sama, yana tsatsafowa ta ƙananan tsagogi har ya iske ƙarfen, ƙarfen ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri, sai ta kumbura ta tunkuɗe kankaren da ke ƙarƙashinta ya faɗo.

Tushen abin yawanci tun ranar zubi ne. Ƙa'idar dal ita ce kilo 350 na siminti a kowane mita kubik na kankare, wato buhu 7, da yashi marar laka da tsakuwa mai tsabta, a ɗaga rodin daga katakon zubi ta yadda kankare mai kaurin santimita 2 zuwa 3 zai lulluɓe shi, a riƙa shayar da dal ɗin safe da yamma aƙalla kwana 7, kada kuma a cire turakun da ke tallafe da shi kafin kwana 21. Ga siminti nan ana yi a Malbaza kusa da mu, amma mai gida yana bakin teku, wanda aka ba amana yana lissafin buhu, ruwa kuma da rani ba ya wadata, sai a zuba dal a watan Afrilu a bar wa rana ta ƙone shi. Ban ce haka aka yi maka ba, na dai ce ana yin haka.

Ka sa a hau a share saman, a buɗe bututun da ke sauke ruwa, a watsa bokiti biyu ko uku a ga inda ruwan ke kwanciya. A yi sabon daɓe mai gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin bututu, a shimfiɗa tabarmar kwalta irin wadda ake liƙawa da wuta, a haura da ita jikin rawani. Daga ciki kuma a fasa duk kankaren da ya saki, a goge rodin da burushin ƙarfe har ya yi haske, a shafa maganin tsatsa, sannan a cike. Wanda ya ce maka fenti kawai za a yi, kuɗinka yake so. Idan aka tarar tsatsa ta cinye rodin har ya sirance, ko dal ɗin ya yi ciki, wannan ya wuce aikin magini, sai injiniya ya gani da idonsa. Idan akwai tankin ruwa a sama, ka tuna mai lita 1000 tan ɗaya ne idan ya cika, a saitin ginshiƙi ko bango ake ɗora shi, ba a tsakiyar falo ba. Kuma da zan ba ka shawara, da ka ba wani ɗan'uwa ɗaki ɗaya ya zauna, ko aƙalla ka bar mabuɗi ga wanda zai buɗe gidan ya ɗaga kai bayan kowane babban ruwa.

TAMBAYA: Akwai dogon yaro da ya yi wa ɗakina rumfa, maƙwabta na cewa in sare shi don zai kashe kwano. Ina kuma son in ɗora faifan sola a rufin.
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kufan Tawa.

AMSA: Malama, kada ki sare shi, domin a gari irin Tahoua itacen da ke tare rana da iska amfaninsa ya fi ɓarnarsa. A rage rassan da ke gogar kwanon da waɗanda suka rataya a kansa, a yi haka cikin watan Mayu kafin iska ta fara, a kuma share ganye da ƴaƴan da ke taruwa a kwarin kwano sau biyu, kafin ruwan farko da tsakiyar Agusta, domin ƙarƙashin jiƙaƙƙen ganye tsatsa ke farawa. Faifan sola ba shi da nauyin da zai dami rufi mai lafiya, matsalarsa ramukan da ake hudawa ne da iskar da ke shiga ƙarƙashinsa. A ɗora shi inda inuwar itacen ba ta kaiwa, ki kuma tsaya a kan mai ɗorawar ya kafe ƙafafun a jikin katako ko ƙarfen rufi ta kan tudun kwano, da roba a kowane rami, kada ya kafe su a fallen kwano kaɗai, sannan ya share ɓarɓashin ƙarfen da hudar ta zubar, domin kowace ƙwaya tabon tsatsa ce bayan ruwan farko. Shi da duk wanda zai hau, su taka layin ƙusoshi inda katako yake a ƙasa, su kuma hau da sanyin safiya kafin kwanon ya ɗauki zafi.